Rufin kankare mai kaurin yatsa biyu: Abubuwan da ya kamata ka sani game da mazubinsa

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Dambatta gab da faɗuwar damina, ko ya ratsa ƙauyukan Bichi da Kunchi da Makoɗa, ya ga rufin kwano da aka danne da duwatsu da bulo da tsofaffin tayoyi. Hadarin farko ake tsoro, wanda ke tasowa daga gabas da jar ƙura a gabansa. A gidan wani ƙanen mahaifina, arewa da Dambatta, iska ta taɓa yaye rufin ɗaki biyu a dare ɗaya. Da gari ya waye aka tsinci kwanon a gonar maƙwabci ya nannaɗe kamar tabarma, geron da ke ɗakin kuwa ya sha ruwa. Tsohon soron da ke tsakar gidan ko gezau bai yi ba. Shi ciwonsa daban ne: yaɓe duk shekara, ga gara ta fara cin azara, azarar kuma yanzu sai an je nesa, sai an buɗe aljihu.

Mai hali yakan ce a zuba masa dakin, wato shimfiɗaɗɗen rufin kankare, ya huta. Manomin da ke da gona kadada ɗaya ko biyu ba ya ma fara wannan lissafin. Akwai wata hanya da ba a cika jin labarinta a wajenmu ba, wato rufin kankare mai lanƙwasa wanda kaurinsa bai wuce yatsa biyu zuwa uku ba. Wuyarsa ba ta cikin siminti. Tana cikin abin da ake zuba simintin a kai, wanda zan kira mazubi.

Ta yaya abu marar kauri zai ɗauki nauyi?

Kifa ƙwarya a ƙasa ka danna bayanta da tafin hannu. Ba ta kai kaurin ɗan yatsa ba, amma sai ka yi da gaske kafin ta fashe. Sakainar wannan ƙwarya kuwa yaro ma zai ɓalla ta. Siffa ce ta ba ta ƙarfi.

Kankare na jure matsi ƙwarai, amma idan aka ja shi ko aka lanƙwasa shi, ƙarfinsa bai wuce kashi ɗaya cikin goma na wancan ba. Dakin shimfiɗaɗɗe kullum so yake ya lotsa a tsakiya, ƙasansa na buɗewa, shi ya sa ake cika shi da rodi a kuma yi masa kaurin inci shida, wato santimita 15. Idan rufin ya yi doro, nauyin sai ya bi jikin lanƙwasar yana gangarowa zuwa bango ta hanyar matsi, abin da kankare ya fi iyawa. Wani magini ɗan asalin Sifen da ya zauna a Meziko, Félix Candela, ya rufe wani ɗakin bincike na babbar jami'ar birnin Meziko a 1951 da kankaren da kaurinsa a ƙololuwa santimita ɗaya da rabi ne. A 1958 ya gina gidan cin abinci na Los Manantiales, kaurin rufin santimita 4, faɗinsa kuwa ya kai na babban masallacin gari.

Magina a ƙasar Hausa sun riga sun san wannan

Ba baƙon ilimi ba ne. Azara ɗaya, wadda ake tsagowa daga giginya, ba ta tsallake fiye da ƙafa shida ba tare da ta lotsa ba. Magina suka gano yadda za su jera ta hawa-hawa daga bangon nan da wancan, kowace ta ɗan zarce ta ƙasa da ita, ana ɗaurewa ana lulluɓewa da ƙasa, har su haɗu a sama su yi bakan gizo. Idan bakunan suka giccia juna aka samu ɗaurin guga, sai tulluwa ta hau kai. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, da soraye na Gidan Rumfa da Gidan Makama a Kano, duk shaida ne.

Abin lura shi ne bakan gizo ba ya buƙatar mazubi, shi yake riƙe kansa tun yana tasowa. Haka ma rufin tubali irin na Nuba, wanda aka fara koyar da shi a Cikal ta Jamhuriyar Nijar a 1980 da sunan gini ba katako. Wanda ke da ƙasa mai kyau da maginin da ya ƙware, wannan hanyar ta cancanci ya duba ta tukuna. Kankare shi ne ba ya iya tsayuwa da kansa yana ɗanye. Tamkar kunu yake a ranar farko, dole a tallafe shi har ya kama jikinsa.

Inda kuɗin ke tafiya

Je ka wurin da ake zuba dakin a Kano ka tsaya ranar da ake kwance katako. Kafinta na ɓamɓara da guduma da ƙarfe, falanki na tsagewa, ƙusa ta lanƙwashe a ciki, rabin abin da aka sayo a 'Yan Katako ta Na'ibawa ya koma itacen girki. A aikin kankare na yau da kullum, katakon zubi da ladan kafinta sukan ci kashi ɗaya cikin uku na kuɗin, wani lokaci rabi. A rufi mai lanƙwasa abin ya fi haka, domin lanƙwasa katako aikin gwani ne. Wannan ne babban dalilin da ya sa irin rufin Candela ya ja baya a duniya bayan shekarun 1960: ladan ma'aikata ya hau, kowane gini kuma sai an ƙera masa mazubinsa a rushe.

Wanda ya fi burge ni a nan shi ne injiniya Eladio Dieste na ƙasar Urugwai. Ya rufe manyan rumbunan hatsi da masana'antu da siraran rufin jan bulo, kuma dabararsa ita ce mazubi ɗaya na yanki ɗaya: a gina, a sauke shi kaɗan, a tura gaba, a ɗaga, a sake ginawa. Wani Ba'amurke, Wallace Neff, ya bi ta wata hanyar, yana hura ƙatuwar balan-balan ya feshe ta da siminti, kuma an gina gidaje sama da dubu da ita a Dakar wajen shekarun 1950. Wannan tana son injin hura iska da wuta da roba ta musamman, ba ta ƙauye ba ce. Darasin Dieste shi ne namu. Mazubin da aka yi amfani da shi sau ɗaya ya fi ƙarfin talaka. Wanda ya rufe ɗaki ashirin, kowane mai ɗaki kashi ɗaya cikin ashirin na kuɗinsa ya biya.

Sharaɗin da ke biye da wannan yana da ɗaci ga wasu: ɗaki ne zai bi mazubi. Idan an ƙera shi don faɗin ƙafa goma sha biyu, to duk mai so sai ya ja harsashinsa a kan ƙafa goma sha biyu cif, ba ƙari ba ragi. Tsawo ne kawai za a iya ƙarawa.

Sarƙa ce ke zana lanƙwasar

Kada a bar kafinta ya zana doron da ido, kada kuma a ɗauka rabin da'ira ce ta fi. Hanya mafi sauƙi tsohuwa ce, Robert Hooke na Ingila ya bayyana ta tun 1675. A sami bango mai santsi, a kafa ƙusa biyu a layi ɗaya, tazararsu daidai faɗin ɗakin. A rataya siririyar sarƙa a tsakaninsu, a sassauta ta har cikinta ya sauko gwargwadon tashin da ake so rufin ya yi, misali ƙafa uku ga ɗaki mai faɗin goma sha biyu. Idan ta daina lilo, a bi ta da alli. Wannan zanen, idan aka juya shi sama, shi ne siffar da nauyin rufin zai bi da matsi zalla, domin sarƙar da ke rataye ja zalla take ɗauka.

Daga zanen sai a yanka katako guda ɗaya a ajiye shi a matsayin uwa. Ba a aiki da uwa, ba a ba da aronta. Da ita ake auna sauran, da ita kuma za a duba su bayan kowane zubi a ga ko sun karkace.

Yadda ake ƙera shi don ya daɗe

Mazubin rufi mai doro yana da sassa uku: haƙarƙari, fata, da ƙafafu.

Haƙarƙarin su ne bakunan da aka kwafa daga uwa. Ana iya yanka su daga katakon filawud mai kauri, ko mai walda ya lanƙwasa su da bututun ƙarfe irin wanda ake samu a Kofar Ruwa. Ƙarfe ya fi tsada a farko, amma gara ba ta cin sa, hunturu ba ya murɗa shi, kuma kusan kowane garin da ke da kasuwa a arewacin Kano yana da mai walda da zai gyara shi in ya samu rauni. Ni ƙarfe zan zaɓa. A jera su tazarar kamar ƙafa biyu, a haɗa su da sirara a tsaye, sannan a shimfiɗa fatar, ko filawud marar kauri ko falen ƙarfe.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a manta cewa bayan rufi ya bushe, mazubin yana cikin ɗaki, ƙofar ɗaki kuwa ƙafa uku ce. Tun kafin a yanka ƙarfen farko a tambaya: ta ina zai fita? Amsar ita ce a yi shi gunduwa-gunduwa. Ɗaki mai tsawon ƙafa goma sha biyu a raba mazubinsa uku, kowane yanki ƙafa huɗu, daidai faɗin filawud ɗaya, kowane yanki kuma ya rabu biyu a ƙololuwa. Gunduwa shida ke nan, kowace mutum biyu za su ɗauka, amalanken shanu ɗaya ya kwashe su zuwa ƙauye na gaba. Ko kuma a bar bangon goshi ɗaya a buɗe sai an zare mazubin.

Noti da ƙusa mai zare za a yi amfani da su ko'ina. Ƙusar bugawa ita ce ajalin katako. Kowace gunduwa a rubuta mata lamba da fenti, a yi alama inda za ta haɗu da 'yar'uwarta, domin ranar da wanda ya ƙera ba ya nan, wasu su iya haɗawa. Kafin zubi a shimfiɗa leda a kan fatar. Mutane sun saba shafa baƙin mai, yana hana mannewa kam, amma yana ɓata cikin rufin, filasta da fenti su ƙi kamawa. Leda ta fi tsabta, tana kuma hana katako shanye ruwan simintin.

Ranar zubi a fara da sassafe a gama a yini ɗaya. Ragar waya da siraran rodi su zauna a tsakiyar kaurin, a tallafe su da 'yan ƙananan biskit na siminti, kada su kwanta a kan leda, domin ƙarfen da ya leƙo waje tsatsa za ta ci shi ta fasa rufin. Kwaɓin ya yi tauri yadda ba zai zame ba, yashi mai kaifi marar laka, awo biyu zuwa uku ga awo ɗaya na siminti. A tashi daga gefe biyu lokaci guda, kwanon sarki ɗaya nan ɗaya can, a haɗu a sama. Idan aka loda gefe ɗaya, mazubin zai karkata, rufin ya bushe a karkace. Magini ya riƙe ƙusa mai alama yana caka ta jefi-jefi don auna kauri. Kada kowa ya taka raga, a gitta falanki a bi ta kai.

Saukewa ta fi ɗorawa haɗari

Ƙafafun mazubi ba a kafa su kai tsaye a ƙasa. Ana ɗora kowace a kan abin da zai ba da damar sauke ta sannu a hankali. Hanya ɗaya ita ce katako biyu masu siffar bakin gatari, ɗaya a kan ɗaya suna fuskantar juna, in an ɗan buga su baya ƙafar ta sauka. Ɗaya hanyar ita na fi so, don yaro ma zai gane ta: gwangwani mai ƙarfi ko guntun bututu, a huda shi a gindi a toshe, a cika shi da busasshen yashi, ƙafar ta zauna a kan yashin. Yashin da ke tsare ba ya matsewa. Ranar saukewa a zare toshiyar, yashi ya riƙa tsiyaya kamar gero daga buhun da ya huje, mazubin na rabuwa da rufin ba girgiza ba bugu. A toshe, a koma na gaba. Ana fara sassauta na tsakiya, a bi zuwa gefe, kaɗan-kaɗan, zagaye bayan zagaye, har haske ya bayyana tsakanin leda da kankare.

Yaushe? Kankare na samun kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa a kwana 7, cikakken awonsa a kwana 28. Dieste yakan sauke nasa washegari domin bulo ne da ya riga ya gasu. Kada a kwaikwaye shi da kankare. Injiniya ne zai yanke ranar, amma ƙasa da mako guda ganganci ne, kuma a sanyin Disamba da Janairu siminti na jinkirin kamawa. Idan aka ƙiyasta kwana goma ga kowane ɗaki, da haɗawa da kwancewa, mazubi ɗaya zai rufe ɗaki wajen ashirin daga Nuwamba zuwa Mayu.

Mazubin da ba ya barin ƙasa

Ga wanda ke tsoron hawa sama da ɗanyen kankare, akwai hanyar da aka daɗe ana bi a Indiya, kuma ita nake ganin ya kamata a fara da ita. A gina dogon tudu a ƙasa da bulo da turɓaya, mai siffar kwalekwale a kife, faɗinsa kamar ƙafa biyu da rabi, tsawonsa ya ɗan zarce faɗin ɗaki, a shafe shi da siminti ya yi sumul. A kansa ake shimfiɗa leda da raga da rodi biyu a gefe, a shafa kwaɓi mai kaurin santimita biyu da rabi zuwa uku. In ya kama a ɗaga, a kai inuwa a ci gaba da ba shi ruwa, a zuba wani. Guda biyar sun rufe ɗaki. Ana jera su a kan bango a cike tsakaninsu. Ba ƙafafu, ba kafinta, kuma wanda ya lalace a ƙasa ake gane shi. Kowane guda na da nauyin buhun siminti shida ko fiye, to ɗagawa sai an yi gayya. Dama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Rufin na tura bango

Nan ne rai ke shiga ciki. Dakin shimfiɗaɗɗe danna bango yake yi ƙasa. Rufi mai doro yana dannawa, yana kuma tura shi waje. A ɗakin nan namu mai ƙafa goma sha biyu da tashin ƙafa uku, turin da kowane bangon gefe zai sha ya kai kimanin kilo 700, kamar a ce buhun siminti 14 sun jingina da kansa dare da rana. In aka rage tashin da rabi don rufin ya yi kyan gani, turin ninkawa yake. Bulo mai inci shida da aka buga da rowar siminti ba zai ɗauka ba, balle bangon ƙasa da ruwan Agusta ya jiƙa.

Maganinsa linta mai rodi da ta zagaye kan bangon gaba ɗaya ba yankewa, da rodin ɗauri da ke ratsa ɗakin daga gefe zuwa gefe. Wannan rodin ba na shanya ba ne, kuma duk wanda ya yanke shi don ya tsone masa ido ya yanke igiyar da ke riƙe da rufin. Girman linta da yawan rodi lissafin injiniya ne mai rajista. Tunda mazubin ɗaya ne kuma awon ɗakin ɗaya, sau ɗaya za a biya shi, lissafin ya yi wa kowa aiki. Sassan injiniyan gine-gine na Jami'ar Bayero da jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil suna da ɗakunan gwajin kankare, kuma irin wannan aiki ne ya dace ɗalibansu su fito da shi ƙauye.

Ruwa da zafi

Siminti ba bushewa yake so ba, jiƙa yake so. Abu mai kaurin yatsa biyu, iskar hunturu za ta tsotse shi cikin sa'o'i, ya yi tsaga kamar ƙasan fadama a watan Maris. Da an gama shafawa a rufe shi da jiƙaƙƙen buhun algarara, leda a sama, a riƙa jiƙawa safe da rana da yamma har mako biyu. Saboda haka nake ganin bayan kaka ya fi: an sayar da amfanin gona, rijiyoyi ba su ja baya ba. A Afrilu, lokacin da mata da yara ke layi a bakin famfo, ruwan ban rufi zai yi wuyar samu.

Zafi kuwa, gaskiya ɗaya ce: siririn kankare ba zai yi sanyin soron ƙasa ba. Ya fi kwano, ba ya ƙarar ruwan sama, amma rana na ratsa shi. A shafe bayansa da farar ƙasa, a bar ƙananan tagogi a saman bangon goshi biyu don iska mai zafi ta fice. Mai son ɗora ƙasa a kai don sanyi ya faɗa tun kafin a yi lissafi, domin nauyi ne. Indararo kuma a fitar da shi nesa da bango.

Lissafin aljihu, da wanda zai riƙe mazubin

Dakin inci shida a kan ɗaki sha biyu sha biyu na cin kankare kusan kubik mita biyu, nauyinsa ya haura tan huɗu da rabi, siminti buhu 12 zuwa 13, ban da tsakuwa da rodi. Rufi mai doro na santimita 4 bai kai tan ɗaya da rabi ba. Amma kada a ruɗe ka: kwaɓinsa ya fi cin siminti a kowane awo, don haka buhu 6 zuwa 8 zai ci, ga linta, ga raga. Rangwamen gaske yana wajen rodi da tsakuwa da katako. A ranar farko kwano zai iya fin sa araha. Bambancin sai an shekara goma ana duban wanda iska ta yaye da wanda tsatsa ta huda.

Mutum ɗaya mai ɗaki ɗaya bai kamata ya ƙera mazubi ba. Na magini ne da zai riƙa ba da haya tare da aikinsa, kamar yadda ake hayar rumfa da kujeru ko abin buga bulo, ko na ƙungiyar manoma da za ta yi adashi a bi layi. Kowace hanya aka bi, mutum ɗaya ne zai riƙe amanarsa: ya ƙirga noti bayan kowane aiki, ya kankare busasshen siminti, ya gwada haƙarƙari da uwa, ya jingine gunduwoyin a inuwa a kan bulo, nesa da gara da ruwa.

Zubin farko kada ya zama ɗakin kwana. A fara da ɗakin ajiya ko rumfar awaki. Bayan kwana 28 a jera buhunan yashi a kai gwargwadon nauyin da injiniya ya faɗa, a fara da ko'ina daidai, sannan a tara su gefe ɗaya, ba kowa a ciki. A kafa sanda a tsakiyar ɗakin da ɗan rata tsakaninta da rufin, a auna ratar kafin lodi, a sake aunawa washegari, a kuma zagaya linta ana neman tsaga.